Kafin ki bari a taɓa haƙoranki na gaba

Masu zuwa ɗakinmu na duba haƙori kashi biyu ne: waɗanda zogi ya hana barci, da waɗanda ke kai gefen mayafi baki in dariya ta kama su. Da na biyun nake magana yau.

Kukansu kusan ɗaya ne, haƙoran gaba sun dafe. Sai dai dafewa iri-iri ce. Wadda goro, shayi, taba ko fure suka bari a sama-sama take, wankin haƙori a asibiti kan fitar da ita. Akwai kuma wadda haƙori ya tsiro da ita. Yaron da ya tashi da ruwan rijiya ko burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid kafin ya kai shekara 8, haƙoransa kan fito da ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sinadarin ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwa. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun ga abin da idonsu, can har ƙasusuwan yara sai da suka lanƙwashe. Maganin tetarasaikilin ma kan rina haƙori idan mai ciki ko ƙaramin yaro ya sha. Irin wannan dafewa, ko kwana za ki yi kina dirza, ba ta fita.

To, a nan ake ɓarna. Gawayi, toka, gishiri da lemon tsami suna cinye farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, shi kuwa ba farce ba ne balle ya sake tohowa. Abin da ke ƙarƙashinsa rawaya ne. Bayan 'yan watanni sai ki ga haƙorin ya ƙara dafewa, ruwan randa ma ya gagare ki kurɓa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Wushirya ado ce, ban musa ba. Amma wadda ake sassaƙawa a shago ta fi komai ɓata mini rai. Jijiyar haƙorin gaba ba ta da nisa. In aka kusance ta haƙorin na iya mutuwa, ya yi baƙi, dasashi ya tara ruwa. Haka haƙorin Makka, in bai zauna daidai ba abinci kan maƙale a gindinsa, na ciki ya ruɓe ba ki sani ba.

Gyara yana yiwuwa a hannun likitan haƙori: ciko mai launin haƙori, rufi, ko sinadarin haskakawa. Zai fara ne da ruɓewa da jinin dasashi kafin a zo kan ado. Ki tambaye shi ko sai an kankare haƙorin, shekara nawa aikin zai yi, nawa kuma za ki kashe in ya ɓalle. In kina da tsohon ciko a gaba ki nuna masa, don sinadarin haskakawa ba ya sauya launinsa.