Walk On By (waƙa)

"Walk On By" waƙar soul ce ta Amurka. Burt Bacharach ne ya tsara kiɗanta, Hal David ya rubuta baitocin, Dionne Warwick kuma ta fara rera ta, aka fitar da ita a 1964 a kamfanin Scepter. Mace ce ke roƙon tsohon masoyinta cewa in ya gamu da ita a hanya tana hawaye, ya wuce abinsa. Waƙar ta kai mataki na 6 a jadawalin Billboard Hot 100 na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Mawaƙa da dama sun sake rera ta, ciki har da Aretha Franklin a 1964 da ƙungiyar The Stranglers ta Ingila a 1978. Amma wanda ya sauya mata kama gaba ɗaya shi ne Isaac Hayes, a kundinsa Hot Buttered Soul na 1969. Waƙar da ba ta cika minti 3 ba, ya miƙe ta har minti 12, ya rage mata gudu, ya cika ta da goge da jita mai gurnani, makaɗan Bar-Kays na mara masa baya. Ya bar dogayen wurare da kiɗa zalla, babu murya.

Waɗannan wuraren su masu haɗa kiɗan hip-hop suka yi ta yanka. Sukan ɗauki ɗan guntun sautin ainihin faifan, su riƙa maimaita shi a ƙarƙashin sabuwar murya. Haka aka yi a "Warning" ta Notorious B.I.G. a 1994, da "I Can't Go to Sleep" ta Wu-Tang Clan a 2000, inda Hayes da kansa ya sa murya, da "6 Inch" ta Beyoncé a 2016. Wato an fi yankan kiɗan Hayes da ya ara fiye da na Warwick mai asali, har zuwa 2023 da Doja Cat ta koma kan muryar Warwick a "Paint the Town Red", wadda ta hau mataki na 1 a Billboard.

A dokar Amurka, mai sake rera waƙar da ta riga ta fita ba ya neman yardar marubutanta, kuɗin da doka ta ƙayyade kawai zai biya. Mai yanko sauti kuwa sai ya sami izini biyu, na masu mallakar rubutun da na mai mallakar faifan. Kamfanoni sun tsananta wannan ne bayan shari'ar 1991 ta Biz Markie, mawaƙin hip-hop da aka kai ƙara kan yanko sauti ba izini.