Tambayoyin 'Yan Majalisa ga Gwamnati kan Lamuran Karkara a Najeriya

Tambayoyin 'yan majalisa ga gwamnati su ne hanyoyin da zaɓaɓɓun wakilai ke bi su sa ɓangaren zartarwa ya yi bayanin abin da ya yi, ko abin da ya kasa yi, da dukiyar jama'a. A Najeriya, inda galibin mazaɓu na karkara ne, yawancin waɗannan tambayoyi suna zagayawa ne a kan ambaliyar ruwa, lalacewar hanyoyi da gadoji, taki da rancen noma, ruwan sha, makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Majalisar Tarayya tana da sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, kuma kowace daga cikin jihohi 36 tana da majalisar dokokinta. Sai dai tun 1979 babu wani lokaci da aka keɓe a kai a kai wanda minista zai tsaya a zaure ya amsa tambayar ɗan majalisa baki da baki, kuma wannan giɓi shi ne ya fi komai tasiri a kan yadda koken ƙauye ke isa kunnen gwamnati.

Asali

Al'adar ta samo tushe daga majalisar Birtaniya. Ana yawan ambaton shekarar 1721 a matsayin lokacin da aka rubuta tambaya ta farko, a Majalisar Iyayen Ƙasa, game da wani jami'in kamfani da ya tsere bayan wata badaƙalar kuɗi. A ƙarni na 19 ne abin ya samu tsari: ɗan majalisa ya ba da sanarwar tambayarsa a rubuce, ma'aikata ta shirya amsa, minista ya tashi ya karanta, sannan mai tambaya ya samu damar ƙara wata nan take. Wannan tambaya ta biyu ita ce ministoci suka fi shakka, domin ba a san ta inda za ta ɓullo ba.

Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya kawo zaɓaɓɓun wakilai huɗu a majalisar Legas, uku daga Legas ɗaya daga Kalaba, amma majalisar ba ta yi wa Arewa doka. Sai da tsarin Gwamna Richards na 1946 ya zo aka kafa Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, wadda ta fara zama a 1947. Ana magana a cikinta da Turanci da Hausa, abin da ya ba wakilan da ba su yi zurfi a boko ba damar faɗin damuwar yankunansu da bakinsu.

A wancan zamani kusan duk abin da ya shafi rayuwar talakan ƙauye yana hannun En'e ne, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki: haraji da jangali, kotun alƙali, gidan yari, rijiyoyi, kasuwanni, ɗakunan shan magani da hanyoyin rani. Don haka tambaya a kan hidimar karkara tambaya ce a kan mulkin sarakuna, kuma ba kowa ke da ƙarfin zuciyar yin ta ba. A watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna yana neman a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e baki ɗaya. Jawabin ya girgiza majalisar, domin ya taɓo cin hanci da rashin jin ra'ayin talakawa. Bayansa gwamnati ta sa aka yi bincike, a wajen 1952 aka kawar da tsarin da sarki shi kaɗai ke zama En'e, aka haɗa shi da majalisarsa, sannan aka yi sabuwar dokar En'e a 1954. Masana tarihi da dama suna kallon wannan a matsayin karo na farko da maganar ɗan majalisa ta sauya yadda ake mulkin karkara a Arewa.

Daga shekarun 1950 zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, ministoci 'yan majalisa ne, suna zaune a zaure ɗaya da masu tambayar su. Ministan ayyuka ko na gona ba shi da inda zai ɓuya idan an tambaye shi dalilin da ya sa ba a gyara gadar wani gari ba. Gaskiya ne jam'iyyar NPC ta mamaye majalisar Arewa, 'yan adawa kuma ba su da yawa, amma ko 'yan jam'iyya mai mulki sukan yi amfani da lokacin tambaya su tuna wa gwamnati alkawarin da ta ɗaukar wa gundumominsu.

Tsarin mulkin 1979 ya ɗauko salon Amurka. Minista ya daina zama ɗan majalisa, lokacin tambaya ya tafi da tsohon tsari, aikin ya koma hannun kwamitoci.

Abin da tsarin mulkin 1999 ya tanada

Sashe na 67 ya ce minista zai halarci kowanne daga cikin zaurukan biyu idan an gayyace shi ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike domin yin doka, ko gyara kurakuran doka, ko bankaɗo cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa a Najeriya ya ba da shaida bisa rantsuwa, da ba da takardar kamo wanda ya ƙi amsa sammaci. Sassa na 128 da 129 sun ba majalisun jihohi irin wannan iko. Kotuna sun sha nanata cewa ikon binciken yana da iyaka, kuma majalisa ba kotu ba ce.

Yadda ake yi a aikace

Hanyar da aka fi bi ita ce ƙudurin gaggawa. Ruwa ya cinye gonakin shinkafa a wata ƙaramar hukuma, dagatai da hakimi sun kai kuka, hotuna sun bazu a waya. Ranar zama ɗan majalisar yankin zai tashi ya nemi a jingine ƙa'idar ba da sanarwa, ya karanto sunayen ƙauyukan da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, da gidajen da suka rushe, da makarantar firamaren da mutane suka fake a ciki. Wani ya mara masa baya. Idan an rasa rayuka a yi shiru na minti ɗaya. Daga nan sai matsaya: a buƙaci hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta kai kayan agaji, ma'aikatar ayyuka ta gyara kwalbatin da ya karye, kwamiti ya bi diddigi ya kawo rahoto cikin mako huɗu. Kakaki ya buga guduma, a wuce abu na gaba.

Babu minista a wurin, babu wanda ya amsa. Ɓangaren zartarwa kuma yana ɗaukar irin wannan matsaya a matsayin shawara wadda ba dole ba ne ya bi. Wannan ne ya sa sunan gari ɗaya kan dawo zauren damina bayan damina da koke iri ɗaya, abin da ke da ciwo ga duk wanda ya san mutanen da ake karanto sunayen garuruwansu.

Inda tambaya ta fi cizo shi ne zaman kare kasafin kuɗi. A nan minista da shugabannin hukumomi suna zaune gaban kwamiti, suna neman kuɗin shekara mai zuwa, don haka dole su faɗi nawa aka sakar musu bara da inda suka kai shi. Akwai kuma ziyarar gani da ido, da zaman jin ba'asin jama'a, da kwamitin karɓar koke-koke, da kwamitin asusun gwamnati da ke bin rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, kwamitin da bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta. Majalisar Wakilai ta kan gayyaci ministoci zaure a yi muhawara kan fanni guda, amma ba a kai a kai ba.

Ambaliyar ruwa

Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da muhallansu, bisa alƙaluman NEMA. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 17.6, ta kuma kafa kwamitin tara gudummawa ƙarƙashin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. Ta 2022 ta fi muni wajen asarar rai, sama da mutum 600, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Tambayar da ta fi daɗewa tana yawo ita ce ta madatsar Lagdo da ke kan Kogin Binuwai a Kamaru, wadda aka kammala a wajen 1982, da madatsar Dasin Hausa a Adamawa da aka ce za a gina ta tare ruwan da ake saki amma ba a gina ba. A watan Oktoba 2022, wurin kare kasafi gaban kwamitin Majalisar Dattawa, ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya ce ruwan Lagdo kashi 1 cikin 100 ne kawai na ambaliyar, mafi yawa ruwan sama ne da ke sauka cikin Najeriya. Har yanzu ana jayayya a kan wannan.

A kwarin Haɗejiya maganar ta bambanta. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke gudana, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, sai kogi ya riƙa fasa gefe yana shiga gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma. Abin da wakilan yankin suka daɗe suna nema daga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are shi ne yashe kogi, cire kachala da gina jinga. A Borno, ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba 2024 ta nutsar da babban ɓangaren Maiduguri da Jere, shekara 30 bayan irin ta a 1994, kuma tambayar da ta biyo baya ita ce ina kuɗin gyaran da aka riƙa sa wa madatsar a kasafi. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta.

Duk waɗannan suna komawa ga Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa a 1981 da kashi 1 cikin 100 na asusun tarayya, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992. Majalisu sun sha bincikar yadda ake kashe shi, musamman kason jihohi da ƙananan hukumomi. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka, don haka uzurin cewa abin ya zo ba zato ba shi da ƙarfi.

Hanyoyi

Daga cikin hanyoyin ƙasar masu tsawon kimanin kilomita 200,000, kusan 35,000 ne kawai na tarayya, kuma hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ita ke kula da gyaransu. Sauran na jihohi ne da ƙananan hukumomi. Hanyar burjin da manomi ke fito da buhunan masara zuwa kasuwa kusan kullum ta ƙaramar hukuma ce, amma sanata ko ɗan majalisar tarayya ake tarewa a kanta. Mafitar da 'yan majalisa suka samu ita ce ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara. Illar ita ce wanda ya kamata ya yi tambaya ya zama mai hannu a aikin. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin diddigin waɗannan ayyuka a 2019. Zargin cushe a kasafi ya jawo dakatar da ɗan Majalisar Wakilai Abdulmumin Jibrin a 2016, da Sanata Abdul Ningi a watan Maris 2024 bayan hirarsa da sashen Hausa na BBC.

Noma

Taki shi ne tsohuwar tambaya: nawa aka saya, yaushe ya iso, wa ya samu. An gwada raba shi ta saƙon waya daga 2012 zamanin minista Akinwumi Adesina. Rancen Babban Banki ga manoma, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba 2015, ya haura naira tiriliyan 1, kuma batun waɗanda ba su biya ba ya sha zuwa gaban kwamitoci. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 za su ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafi. Kasafin tarayyar Najeriya bai kusanci haka ba.

Kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Borno ranar 28 ga Nuwamba 2020, inda aka binne mutum 43 a rana ɗaya, ya gwada iyakar ikon majalisa. Majalisar Wakilai ta gayyaci Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya yi bayani, aka sa rana, sai ministan shari'a Abubakar Malami ya ce majalisa ba ta da hurumin kiran shugaban ƙasa a kan harkar tsaro. Shugaban bai je ba.

Ƙananan hukumomi

Tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kula da kasuwanni, tashoshin mota, magudanun ruwa da hanyoyin cikin gari, tare da sa hannu a ilimin firamare, lafiya da noma. Kansiloli ne ya kamata su tambayi ciyaman, majalisar jiha kuma ta tambayi kwamishinoni, amma a yawancin jihohi jam'iyyar gwamna ce ke riƙe da kusan duk kujerun. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Maƙwabta da yunƙurin gyara

A Ghana yawancin ministoci daga majalisa ake ɗauko su, kuma akwai lokacin tambaya, inda ministan hanyoyi ke cikin waɗanda aka fi kira. A Nijar tsarin mulkin 2010 ya tanadi tambayar baki da ta rubutu ga ministoci, har zuwa juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya rusa majalisar. A watan Fabrairu 2024 'yan Majalisar Wakilan Najeriya 60 sun gabatar da ƙudurin doka na komawa tsarin firaminista, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsu shi ne a mayar da ministoci cikin zaure inda za a iya tambayar su.