Wasan gem da cacar intanet: a ina suka rabu, a ina suka haɗu?

Iyaye da yawa sun ɗauki duk abin da yaro yake latsawa a waya abu ɗaya ne, matasa kuma suna cewa gem daban, caca daban. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai katangar da ke tsakanin abubuwan biyu ta fara zaizayewa, kuma da gangan aka yi hakan.

Shin wasan gem shi kansa caca ne?

A'a. Caca tana tsayawa ne a kan abu uku: ka zuba kuɗi, sa'a ta yanke hukunci, sannan ko ka samu ko ka yi asara. Samari biyu da suka shiga gidan gem suka biya mai shago don su buga ƙwallo a PlayStation haya suka biya, kamar mai hayar keke. Wanda ya fi iya riƙe fad, wato abin sarrafa wasan, shi zai ci.

Amma akwai wata al'ada da ta zama jiki a gidajen gem ɗinmu, wato wanda aka ci shi ne zai biya. Malamai da yawa suna ganin nan caca ta shigo, domin kowanne ya zauna ne tsakanin samu da asara. Ina tare da su, ko da kuwa kuɗin bai taka kara ya karya ba.

To ta ina caca ta shiga cikin gem ɗin kansa?

Ta akwatin sa'a. A da, mutum yakan sayi kaset ko faifai sau ɗaya, wasa ya zama nasa. Yanzu Free Fire da PUBG Mobile da eFootball duk kyauta ake sauke su, kamfani yana samun kuɗinsa ne daga abin da ake saye a ciki: daimon a Free Fire, UC a PUBG, koyin a eFootball. Idan ka ga riga ko bindiga da farashinta ka biya aka ba ka, wannan ciniki ne. Matsalar ita ce inda za ka biya a buɗe maka akwati ko a juya maka wili ba ka san abin da zai fito ba. Kana neman fitaccen ɗan wasa, sai a ba ka wanda ko benci ba za ka ajiye shi ba, sai ka sake biya.

Ba ƙaramin kuɗi ake yi da wannan ba. Kamfanin EA, mai wasan FIFA da ya koma EA Sports FC a 2023, ya samu kimanin dala biliyan 1.6 a shekarar kasuwancinsa ta 2021 daga sashen Ultimate Team kaɗai, inda sayar da fakitin 'yan wasa shi ne jigo.

Amma ai ba kuɗi ake ci ba, hoton ɗan wasa ne kawai. Me ya sa za a kira shi caca?

A kan wannan tambayar ƙasashe suka rabu. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta bincika FIFA 18 da Overwatch da Counter-Strike, ta ce akwatunansu caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin buɗe fakiti a ƙasar. Birtaniya kuwa a 2022 ta ƙi saka su ƙarƙashin dokar caca, ta bar wa kamfanoni su gyara kansu. China tun 2017 ta tilasta a bayyana yiwuwar samun kowane abu, Apple ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya biyo baya a 2019.

Ni a ganina Beljiyam ce ta fi kusa da gaskiya. Yaro ɗan shekara 12 bai damu da ko abin zai koma naira ba. Abin da yake koya shi ne faɗuwar gaba kafin a buɗe, da cewa "na gaba ne zai fito". Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna tun tuni, da gwaji a kan tattabaru da ɓeraye, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi ɗaure halitta ga maimaita aiki fiye da ladan da aka tabbatar. Injin caca a kan wannan aka gina shi, haka ma akwatin sa'a.

Mene ne rawar kyan hoto a nan?

Girafiks ba laifi ba ne, fasaha ce mai ban sha'awa. Duk fuskar da ka gani a gem an haɗa ta ne da dubban ƙananan siffofi masu kusurwa uku, na'ura kuma tana sake zana hoton sau 30 ko 60 a daƙiƙa ɗaya. Tun da kamfanin Nvidia ya fitar da katin zana hoto a kwamfuta mai suna GeForce 256 a 1999, har zuwa katunan RTX na 2018 masu lissafa yadda haske ke dukan abu ya dawo, ci gaban ya kai ana ganin gumi a goshin ɗan wasa.

Sai dai kyan hoto ba shi ne daɗin wasa ba. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyat a tsakiyar shekarun 1980, har gobe ana buga shi. Minecraft hotonsa duk kamar tubala ne, amma an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Inda kyan hoto ke damuna shi ne lokacin buɗe fakiti: wuta ta haska, tutar ƙasa ta bayyana, a ja maka rai kafin a nuna fuskar. Alhali tun lokacin da ka latsa an riga an yanke abin da za ka samu.

Masu yin bet suna cewa su ilimin ƙwallo suke amfani da shi. Ba su da hujja?

Lissafi ne zai amsa. A ce wasa ne da kowane ɓangare ke da rabin damar nasara. Adalci shi ne in ka ci a ninka maka kuɗinka sau 2.00, amma kamfani zai ninka maka sau kamar 1.90, ya riƙe kashi 5 cikin 100. Idan ka haɗa wasa 10 irin wannan a tikiti ɗaya, ribar kamfanin tana ninkuwa har ta kai kusan kashi 40. Shi ya sa kullum ake jin "wasa ɗaya ne ya yanke min". An tsara abin ne a haka.

Ƙwallon bacuwal, wato ƙwallon kwamfuta da ake bet a kanta, da Aviator, cacar jirgi da kamfanin Spribe ya fitar a 2019, su ko wannan uzurin ba su da shi. Babu ɗan wasa, babu koci. Kwamfuta ce ke fitar da lamba, a lulluɓe ta da hoton fili ko na jirgi don ta yi kama da gem.

Me doka da addini suka ce a wajenmu?

Haramcin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan bet da dama a Kano, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Amma rufe shago ba ya taɓa manhajar da ke cikin waya.

To a hana yara gem gaba ɗaya?

Ban goyi bayan haka ba. Wanda aka hana a gida zai tafi gidan gem, inda ba mai ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ba yawan wasa kaɗai ta duba ba, sai ya kai mutum ya kasa dainawa, ya fifita wasan a kan karatu da barci da iyali, yawanci har tsawon shekara.

Abin da uba ko uwa za su iya yi yau shi ne su cire katin banki daga wayar, su sa kalmar sirri a kan duk wani saye a Play Store, sannan su zauna kusa da yaron ya nuna musu shagon da ke cikin gem ɗin. Idan an rubuta farashi an nuna kayan, a yi shawara. Idan kuwa akwati ne ko wili, a ce masa a'a, a kuma gaya masa dalili.