Ma'anar facin mahaɗa a aikin haɗa gitar

Facin mahaɗa shi ne siririn katakon da ake dasawa a ƙasan gitar ta katako, daidai wurin da gefunanta biyu suke haɗuwa bayan an lanƙwasa su da zafi. Sunansa na Ingilishi, "end graft", daga aikin lambu aka aro shi, wato yadda ake yi wa mangwaro aure. Gefunan nan biyu, waɗanda kaurin kowane bai wuce kimanin milimita 2 ba, ana manna su ne a kan wani dunƙulen katako da ke ciki, kuma da wuya bakunansu su haɗu ba tare da ɗan gibi ba. Ƙarfin wurin yana ga dunƙulen; aikin facin shi ne rufe gibin da ƙawata shi, kuma a tsakiyarsa ake huda ramin maƙalar igiyar ratayawa ko na wayar amfilifaya.

Lokacin sa shi ne abin da masu koyo suka fi kuskurewa. Ana sa shi bayan gefuna sun kama dunƙulen, amma kafin a yanke hanyar da zaren ado na bakin gitar zai kwanta, domin yankan ya bi ta kansa ya daidaita shi da sauran jiki. Wasu sukan jira har a rufe akwatin gitar da allon fuska da na baya, sai dai a ganina gara a yi shi tun akwatin yana buɗe, domin a lokacin zarto ba zai taɓa fuskar gitar ba, kuma akwai wurin kama abin matsewa.

Galibi ana yanka shi da faɗi a wajen fuska, ya tsuke a wajen baya, kuma wannan siffa ba don ado kaɗai ba ce. Kafinta yakan bar masa tsawo fiye da bukata, ya aza shi a kan layin tsakiya, ya zana gefensa da wuƙa mai kaifi, ya yanka gefunan gitar a kan zanen da ƙaramin zarto har ya iske dunƙulen, sannan ya ɗebe tsakiya da kurfi a hankali. Idan ya shafa gam ya tura facin, da ɗan bugu kaɗan sai ya ji ya cije, gam yana fitowa siriri ta gefe biyu. Tsukewar ce take sa ya cije ko da an ɗan yi kuskure a yanka; faci mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa ba ya yafe kuskure irin haka. Bayan ya bushe sai a datse rarar, a kankare har yatsa ya daina jin mahaɗar.

A nan Yamai akwai ƙarin abin lura. Katakon da aka sayo a kasuwar Katako da damina yana ɗauke da laima, kuma idan hunturu ya shigo zai tsuke, gefen facin ya buɗe. Masu wannan sana'a sukan so laimar ɗakin aiki ta tsaya wajen kashi 45 cikin ɗari, saboda haka ya kamata a ajiye guntun da za a yi facin da shi, ko na maɗaci ne ko na kanya, ya yi makonni a ɗakin tare da gitar kafin a yanka shi.