Waiwaye: William Campbell da maganin da ya taƙaita makantar kogi

Kafin shekarar 1987, likitan da ke gaban mai fama da makantar kogi, cutar da wata tsutsa ke haddasawa a fata da ido, ba shi da zaɓi mai daɗi. Maganin DEC (diethylcarbamazine) yana kashe 'ya'yan tsutsar da ke cikin fata da ido gaba ɗaya a lokaci guda, jiki ya ɗauki zafi, ƙaiƙayi ya tsananta, wani lokacin idon da ake son ceto ya ƙara lalacewa. Suramin kuwa allura ce ta jijiya, ana yin ta mako-mako, tana iya taɓa ƙoda. Abin da ya rage shi ne yaƙar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar, wanda aka fara a Afirka ta Yamma a 1974 ta hanyar fesa magani daga jiragen sama a kan koguna masu gudu, inda ƙudan ke hayayyafa.

Mutumin da ya sauya wannan hali bai fara da ɗan Adam ba. An haifi William Campbell a ƙasar Ayalan a 1930, ya yi digirin farko a Dublin, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a kan tsutsar hanta da ke kama dabbobi. A 1957 ya shiga kamfanin magunguna na Merck, ya zauna har 1990, aikinsa neman maganin tsutsar shanu da tumaki da dawakai.

A 1974 samfurori suka iso kamfanin daga Japan. Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato ya ware wata ƙwayar bakteriya daga ƙasar da aka ɗebo a yankin Shizuoka. Aka raini ƙwayar, aka haɗa abin da ta fitar da abincin ɓerayen da ke ɗauke da tsutsar ciki, tsutsar ta mutu. Sinadarin shi ne avermectin, da aka ɗan gyara shi ya zama ivermectin, aka fitar da shi kasuwa a 1981 a matsayin maganin dabbobi.

A nan ne sanin tsutsa ya yi rana. An lura maganin yana kashe 'ya'yan wata tsutsa da ke zama a fatar doki. Ga mai kiwon doki wannan ba wani babban abu ba ne, amma Campbell ya san tsutsar 'yar gida ɗaya ce da Onchocerca volvulus, mai makantar da mutane. Ya nemi a gwada a jikin ɗan Adam, Dakta Mohammed Aziz ya jagoranci gwajin farko a Dakar a 1981, kuma a 1987 kamfanin ya sanar zai bayar da maganin kyauta da sunan Mectizan har iya lokacin da ake bukata.

Ya kamata a fahimci iyakar maganin, domin ita ta tsara yadda ake rabonsa. Yana shanye jijiyoyin 'ya'yan tsutsar, yana kuma hana uwar haihuwa na wasu watanni, amma ba ya kashe uwar, wadda ke naɗe cikin ƙulli a ƙarƙashin fata tana iya kai shekara 15. Shi ya sa ake sha sau ɗaya ko biyu a shekara, shekara da shekaru, kuma ƙauyen da ya yi sakaci na ɗan lokaci sai cutar ta farfaɗo. Awon shi ne maikirogiram 150 ga kowane kilo. Da yake ba ko'ina ake da ma'aunin nauyi ba, sai ake auna tsayi da sanda mai alama: daga santimita 90 ƙwaya ɗaya mai miligiram 3, har zuwa ƙwaya huɗu ga dogaye. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, ko mai ciki, ko mara lafiya sosai.

Babban haɗarin yana inda tsutsar Loa loa take, musamman dazuzzukan Kamaru da Kongo. Wanda jininsa ya cika da 'ya'yanta, sama da 30,000 a mililita ɗaya, na iya samun kumburin ƙwaƙwalwa bayan shan maganin, har ta kai ga suma ko mutuwa. A wasu daga cikin waɗannan wurare sai an auna jini kafin a bayar, abin da ke jinkirta aikin har yau.

An ba Campbell da Omura rabin kyautar Nobel ta 2015, ɗaya rabin ya tafi ga Tu Youyou saboda maganin zazzabin cizon sauro. Kolombiya ce ta fara samun shaidar kawar da makantar kogi a 2013, kuma a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka. Ana kuma haɗa ivermectin da albendazole wajen yaƙi da tundurmi.