Waiwaye: Yadda likitoci suka koyi jinyar zuciya

A Sharen Mansur na Makka ko Karantinar Jidda, da wuya a tashi majalisar dattawa ba a ambaci wanda aka yi wa ƙasɗara ba. Aikin ya zama ruwan dare: a zura siririyar roba ta jijiyar wuyan hannu har zuciya, a fesa rini, likita ya ga inda hanyar jini ta toshe a allo, sau da yawa washegari mutum yana gida. Shekara 70 da suka wuce ba a san da wannan ba.

A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura roba ta hannunsa har cikin zuciyarsa don ya nuna abin zai yiwu. A 1958 a Cleveland ta Amurka, rini ya shiga jijiyar zuciyar wani maras lafiya bisa kuskure a hannun Mason Sones, mutumin bai mutu ba, hoto kuma ya fito tangaram. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1967 René Favaloro ya ciro jijiyar ƙafa ya kewaye wurin da ya toshe, a 1977 Andreas Gruentzig ya buɗe jijiya da ɗan balan-balan a Zurich, a 1986 aka fara sa ragar ƙarfe mai riƙe jijiya a buɗe, wadda a nan Saudiyya ake kira da'ama.

Sai dai abin da ya fi ceton rayuka bai kai wannan suna ba. Binciken ISIS-2 na 1988, kan mutum sama da 17,000 da bugun zuciya ya kama, ya nuna aspirin kaɗai, wannan mai arhar, yana rage mutuwa da kusan kashi 1 cikin 5. Bincike biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA a 2019, sun zo da abin da ya girgiza likitoci: ga wanda ciwon ƙirjinsa ya daɗe kuma bai tsananta ba, sa da'ama bai fi shan magani yadda ya kamata tsawaita rai ba. Ga wanda jalɗa, wato gudan jinin da ke toshe jijiyar zuciya, ta kama yanzu-yanzu kuwa, buɗe jijiyar da gaggawa shi ne ceto. Wannan bambancin nake so mutanenmu su riƙe, domin ina ganin dattawan da ke ajiye ƙwayoyinsu da zarar an sallame su, suna cewa ai an gyara.

Raunin zuciya, mai kumbura ƙafa da hana mutum kwanciya sai ya tara matasai, shi ma ya sha doguwar tafiya. Tun 1785 William Withering ya yi bayanin ganyen da aka samo digoxin daga gare shi, aka daɗe ana dogaro da shi da maganin fitar da ruwa, suna sauƙaƙa numfashi kawai. A 1987 binciken CONSENSUS ya nuna enalapril yana rage mutuwa. Magungunan rage gudun zuciya, da a da ake hana masu raunin zuciya sha, a 1999 aka tabbatar suna tsawaita rai. A 2019 aka gano dapagliflozin, maganin ciwon sukari, yana taimakon zuciya ko mutum ba shi da sukari.

Yawancin wannan aiki a Turai da Amurka aka yi shi. Da likitocin Saudiyya suka tattara bayanan asibitocinsu a rajistar SPACE, sai suka ga bugun zuciya yana kama mutanen nan da ƙarancin shekaru fiye da Turawa, fiye da rabinsu kuma masu sukari ne, ga shi kaɗan ne ƙwarai ke zuwa asibiti a motar ɗaukar marasa lafiya. Akasari ɗa ko maƙwabci ne ke kawo su, bayan an ɓata lokaci ana zaton gyambon ciki ne. Lambar Hilal Ahmar, hukumar da ke da motocin ɗaukar marasa lafiya, ita ce 997, kuma ma'aikatanta kan fara taimako tun a hanya.