Wai me ke haƙa kwari ne?

Da farko ma, mene ne kwari?

Wuri ne da ƙasa ta lotsa ta miƙe tsakanin tudu biyu ko duwatsu, galibi ruwa na bi ta tsakiyarsa. In ya matse ya yi zurfi sai mu ce kwazazzabo, in kuma ya buɗe ƙasarsa tana riƙe danshi to ka shigo fadama kenan, inda ake albasa da rake da tumatir da rani.

To wa ya haƙa shi?

Ruwa ne, mafi yawanci. Amma fa ba ruwan kaɗai ba, yashi da tsakuwar da yake ja su ne ke gurzar ƙasa kamar magagari, yau kaɗan gobe kaɗan. Ka duba ramin da indararo ke yi a ƙofar gida cikin damina ɗaya tak, sai ka ƙaddara kogi ne guda ya yi shekaru miliyoyi yana wannan aikin ba hutu. Kogi na cin ƙasa, gefe na zaftarewa yana zubowa, shi ya sa a kan tudu kwarin ke fitowa kamar harafin V. Grand Canyon na Amurka haka kogin Colorado ya yanka shi, wani wurin zurfinsa ya kai mita 1,800.

Amma ai akwai kwarin da ba kogi a cikinsa?

Ƙwarai, kuma wannan ya fi burge ni. Je ka jihar Dosso a Nijar ka ga Dallol Bosso da Dallol Mawri, faɗi iya ganinka amma ba kogin da ke gudu. Tsofaffin hanyoyin ruwa ne tun zamanin da Sahara ke samun ruwan sama sosai, suna kwararowa daga arewa su zuba a kogin Kwara. Kogin ya ƙafe, kwarin ya tsaya, ruwan kuma yana nan kwance a ƙarƙashi ba nisa, shi ya sa rijiya a can ba ta wahalar haƙa. Gulbin Maraɗi shi kuma na damina ne, daga wajen Katsina ya taso ya shiga Nijar ya sake dawowa Najeriya ya faɗa Rima.

Banda ruwa fa?

Wani lokacin ƙasar ce da kanta ke tsagewa tsakiya ya nutse, kamar babban kwarin da ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya. Kwarin Binuwai ma asalinsa kenan, tun lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, kogin daga baya ya zo ya samu hanya a shirye. A ƙasashen sanyi irin Suwizalan kuma ƙanƙara ce ke gangarowa a hankali ta kwashe ƙasa ta bar kwari mai kamar U.

Kwazazzabon da ke cin gidaje a Gombe fa, duk abu ɗaya ne?

Aikin ɗaya ne, sauri ne ya bambanta. Ƙasar yashi ce, an sare bishiyoyi, an yi gini ba magudana, sai ruwan unguwa gaba ɗaya ya taru ya bi ta wuri guda. Damina biyu uku, layin da ake wucewa da mota ya koma rami.